Allon Kyaftin Sati-Biyu

Kwana uku kacal aka tura mijin yayata kwas, ya dawo yana taku kamar wanda ya shekara bakwai a jami'a. Ranar Litinin ya turo ƙofar ofishinmu da ƙafa, hannu ɗaya riƙe da satifiket a cikin firam, ɗayan riƙe da kwalin 'yan takardu masu gam a baya, rawaya da kore da ja. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya yi gyaran murya.

"Daga yau an daina aikin tsofaffi a nan," in ji shi. "Sabon tsarin aiki za mu yi, wanda ake ce wa Ajayil. Komai sati biyu. Sati biyu a tsara, a rubuta, a gwada, a saki. Wanda bai gane ba ya tambaye ni."

Ni da Dogo, abokin aikina, muka kalli juna. Shekara biyar muka yi muna aiki da wannan tsari a wani kamfani kafin a ɗauke mu nan, amma wa zai gaya masa? Tun daga ranar nan sunansa ya koma Kyaftin Sati-Biyu, a bayan idonsa dai.

Mu biyu farar hula ne. Sashen leƙen asiri na soja ya ɗauke mu mu rubuta manhajar da za ta riƙa tattara rahotannin da ke zuwa daga sansanoni, ta jera su daga mafi haɗari zuwa ƙasa, ta aika kowanne teburin da ya dace. Kafin nan a fayil ake yawo da su daga ofis zuwa ofis, wani rahoton sai abin da ya yi gargaɗi a kai ya faru ya wuce sannan a karanta shi. Aiki ne mai kyau. Sai aka ɗora mana mijin yayata a ka.

Shekararsa goma sha ɗaya yana kyaftin. Kanar, shugaban sashen, ya gaya masa a gabanmu ba ɓoye-ɓoye: nan da sati shida Janar zai zo ganin manhajar. In ta yi aiki, sunansa ya shiga jerin masu samun manjo. In ba ta yi ba, shekaru sun cim masa, ritaya ce, kuma gidan bariki sai a ba wani. A gidan nan Yaya take da 'ya'yanta huɗu, ba su da ko bulo ɗaya a wani wuri. Da yamma ta kira ni a waya.

"Auta, ki taimake shi. Ba don halinsa ba, don yaran nan."

Na ce, "Yaya, in ya bari a taimake shi."

Mahaifiyarmu kuwa, Umma, wadda ta shekara talatin tana ɗinkin labule a gidanta, tata gaisuwar da surukin nata ɗaya ce. Duk ranar da ya je, sai ta sauke gilashi ta dubi kafaɗarsa ta ce, "Har yanzu dai taurarin uku ne? To, Allah ya ƙara." Shi kuma ya yi ta dariyar yaƙe, ya fito yana huci. Ya tsane ta, ita ma ba ta taɓa ɓoye nata ba.

Abu na farko da ya kawo shi ne taron tsaye. Kowace safiya a tsaya minti sha biyar, kowa ya amsa tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ke hana ka aiki. Mu shida ne: shi, ni, Dogo, wani Laftana mai nazarin rahotanni, wani Kofur, da Saje mai kula da tsaron takardu, dattijo mai gashin baki wanda ba ya rabuwa da hatimi a aljihu.

"Laftana, me ka yi jiya?"

Laftana ya ƙame. "Sirri ne, Yallaɓai. Akwai farar hula a ɗakin."

Aka fitar da ni da Dogo baranda. Laftana ya faɗi abin da ya yi jiya, aka shigo da mu. Aka zo kan abin da zai yi yau, aka sake fitar da mu. Kofur ma haka. A safiya ɗaya sau huɗu muka fita muka shigo, har mai shara ta tambaye mu ko laifi muka yi.

"Me ke hana ka aiki?"

"Babu, Yallaɓai!" in ji Laftana.

"Babu, Yallaɓai!" in ji Kofur. Wane soja ne zai kalli na gaba da shi ya ce akwai matsala?

Dogo ya ɗaga hannu. "Ni akwai, Yallaɓai."

"Madalla! Kun ga Ajayil ke nan. Faɗi, mene ne?"

"Taron nan."

Kyaftin ya ce Dogo bai da ruhin haɗin kai, sannan ya ɗauki awa ɗaya da rabi yana ba mu labarin yadda malamin kwas ya nuna shi da yatsa a gaban aji ya ce bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tasa ba. Muna tsaye. Ƙafata ta yi sanyi har ban san tawa ba ce.

Washegari ya raba mana kati masu lamba. Za a karanta aiki, kowa ya ɗaga katin kwanakin da yake ganin aikin zai ci, duk a lokaci ɗaya, don kada wani ya bi ra'ayin wani. Ya karanta aikin farko, haɗa manhajar da sansanoni tara. Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku!" Ni na ɗaga goma sha uku, Dogo ya ɗaga ashirin. Sojojin nan uku ko motsi ba su yi ba, idonsu na kan hannun Kyaftin. Da ya ɗaga ɗaya, sai ka ji ƙarar kati, kowannensu yana lalubo ɗaya.

"Huɗu da biyu," in ji shi. "Kwana ɗaya ke nan. Kun ga daɗin shawara?"

"Yallaɓai, Kofur ko kunna kwamfutar nan bai iya ba," na ce.

"Shi ya sa idonsa yake a buɗe. Ku ilimi ya yi muku yawa har ya zama tsoro."

A haka aka yanke wa ayyuka sittin da uku hukuncin kwana ɗaiɗai.

Sai allo. Ya sa aka kafa farin allo a bango, ya ja layi ya raba shi gida uku: Za A Yi, Ana Yi, An Gama. Kowane aiki a rubuta shi a 'yar takarda a manna, in ya ci gaba a matsar da shi gidan gaba. Yana cikin mannawa Saje ya matso, ya karanta guda biyu, gashin bakinsa ya miƙe.

"Yallaɓai, sirrin ƙasa ne wannan a jikin bango?"

"Ajayil ne, Saje. Komai a fili."

"A wannan ginin babu a fili, Yallaɓai. Doka ta ce duk takardar da ta ambaci sansani sai an buga mata hatimi, an ba ta lamba, an kulle ta a sef idan an tashi."

Kyaftin ya buɗe baki, ya tuna Saje ya girmi Kanar a aikin, ya rufe. Saje ya zauna ya bi 'yan takardun nan sittin da uku ɗaya bayan ɗaya, tim, tim, tim, SIRRI. Hatimin ya fi takardar girma, rabin rubutun ya ɓace a ƙarƙashin jar tawada. Da ya gama sai ya juyo gare mu.

"Ku kuma farar hula, ku kawar da kai. Yanzu ba ku da izinin kallon allon nan."

Ya ɗauko bargon soja ya rataya a kai. Tabɗi! Allon da aka kafa don mu san aikinmu, sai mun cike fom kafin a ɗaga mana gefen bargo. Muka bar musu abinsu, muka sayi littafi muka rubuta ayyukanmu a ciki, muka duƙufa.

Kullum ƙarfe huɗu Saje ya ɓamɓare takardun ya kai sef, da safe ya dawo da su ya manna. To shi Saje mutumin fareti ne, ba ya son ganin layi ɗaya ya fi wani tsawo. Safiyar farko ya raba su daidai wa daida, ashirin da ɗaya a kowane gida. Kyaftin ya ɗaga bargo ya leƙa, ya yi ihu, ya ruga ya kamo hannun Kanar.

"Yallaɓai, duba da idonka! Kashi ɗaya cikin uku an gama a kwana biyu. Da tsohon tsari da sai shekara."

Kanar ya jinjina kai ya tafi. Kyaftin ya dafa kafaɗar Saje ya ce, "Ina son in riƙa ganin gidan An Gama yana cika." Saje ya ce, "An gama, Yallaɓai." Umarni umarni ne. Kullum sai ya ƙara biyar a can.

A sati na uku na ce masa muna bukatar rahotannin da za mu gwada manhajar da su. Na gaske ba a yarda mu gani ba, don haka sai a ƙirƙira na bogi. Na ce zan rubuta.

"Ke? Kin taɓa leƙen asiri? Bar wa masu abin."

Ya shige ofishinsa ya kwana biyu yana rubutu, muna jiyo shi ta bango yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Ya fito da rahoto arba'in. Saje ya karɓa ya ga an ambaci makamai, ya buga musu babban hatimi. Ranar da za a zuba su a manhajar, Saje ne ya danna, ni kuma aka sa ni na juya na fuskanci bango kamar 'yar makarantar da ta yi surutu. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ashe malalacin nan ƙirƙiro suna da adireshi ya yi masa wuya, sai ya bi mutanen da yake jin haushinsu. Mai askin da ya taɓa yankarsa a ƙeya, maƙwabcin da ke toshe masa hanya da mota, shugabar makarantar yaransa. Na farko a jerin kuwa, wanda ya fi ƙawatawa da lambar gida da launin ƙofa, Umma ce. Wallahi da na sani a ranar, da a kansa zan fasa firam ɗin satifiket ɗin.

Manhajar dai ta tashi. Ni da Dogo muka yi ta fama, don Yaya da yaranta nake yi, shi kuma Dogo don kada a ce ya kasa. Ranar Alhamis, saura kwana biyar Janar ya zo, Kyaftin ya shigo yana shafa hannu.

"Yau za a haɗa ta da babban layin da ke kai rahotanni ga sauran sassa. A Ajayil ba a jira, saki ake yi da wuri."

"Sai an goge rahotannin gwaji tukuna," na ce. "Kuma Saje ya ce ba a goge takardar sirri sai ka sa hannu a fom. Ga shi nan."

Ya ɗaga gefen bargo ya leƙa. "Goge rahotannin gwaji. Ga ta nan a An Gama."

"Yallaɓai, ni ce mai gogewar, kuma ban goge ba."

"Allo ya ce an gama."

"Saje ne ya manna ta a can!"

"Ina sa hannu a goge abin da aka riga aka goge, a ce ban san aikina ba? Ke kika je kwas ko ni?"

Na sassauta murya na ce, "Baban yara, don girman Allah ka saurare ni."

"A ofis ba ni da ƙanwar mata. Matsa."

Ya ture kujerata ya danna da kansa. Na tafi wurin Kanar, sakatarensa ya ce farar hula sai ta bi ta hannun shugaban aikinta, wato Kyaftin. Na dawo na zauna. A raina na ce iyaka dai wani tebur ya karanta shirme ya yi tsaki ya jefar.

Ranar Talata aka jera kujeru a babban zaure, hafsoshi sun cika, Janar a gaba, ɗan gajeren mutum mai sanyin magana. Mu aka ajiye mu a can baya kusa da na'urar sanyaya ruwa. Kyaftin ya hau dandamali da sandar nuni, takalmi yana walƙiya. Ya ce shi ya tsara manhajar, shi ya zana ta, kusan shi ya rubuta ta, sai dai 'yan farar hula biyu da ke taimakawa da buga rubutu. Dogo ya ce da ni a hankali, "Mu gode Allah, an tuna da mu."

Ana cikin haka wani hafsa ya shigo ya raɗa wa Kanar magana. Kanar ya miƙe fuskarsa kamar an ba shi kyauta.

"Yallaɓai, albishir. Manhajar nan ta riga ta yi kamu. Ranar Alhamis ta aika wa sashen samame rahoto mai alamar babban haɗari. Sun sa ido a gidan kwana huɗu, jiya suka ga an sauke dogayen ƙunshi a nannaɗe da buhu, daidai yadda rahoton ya ce. Yau da safe suka shiga. Shugabar 'yan fasa-ƙwaurin makaman tana waje da kayanta."

Zaure ya ɗauki tafi. Kyaftin ya bubbuga ƙirji da sandar nuni. "Na faɗa! Ban faɗa ba? Sati shida! A shigo da ita, Yallaɓai, a ga aikin Ajayil!"

Aka buɗe ƙofa. Sojoji huɗu suka shigo ɗauke da dogayen ƙunshi biyu. Bayansu wata tsohuwa, tef ɗin awo a wuya, gilashi a kan hanci, takalmi ƙafa ɗaya.

Na miƙe na ƙwala ihu, "Umma!"

Sandar nuni ta faɗi daga hannun Kyaftin.

Umma ta tsaya a tsakiyar zaure ta bi kowa da kallo, har idonta ya sauka a kan surukinta. Ta ce, "Au, kai ma kana nan? To waye babbanku a nan? Ba kai ba dai, na sani."

Janar ya ce, "Ni ne, Baba. A kwance kayan."

Aka yanke igiya. Sandunan labule suka zube a kan tayil da ƙara, farare da masu ruwan zinariya, suna ta gangarawa ƙarƙashin kujerun hafsoshi. Wani Manjo ya ɗaga ƙafa ya ba ɗaya hanya.

"Ga makaman nan," in ji Umma. "Ku ɗauka ku tafi yaƙi. Mota uku kuka kawo mini, kuka ɓalle mini ƙofar gida da ta ɗakin kaya, kuka kwantar da masu ɗinkina a ƙasa, unguwa kaf tana kallo. Shekarata sittin da takwas, ko ofishin 'yan sanda ban taɓa takawa ba. Wane la'ananne ne ya aiko ku?"

Janar ya juyo. "A buɗe rahoton a babban allo."

Ba wanda ya iya sai ni da Dogo. Na taka har gaba na buɗe. Kanar ya karanta da ƙarfi: "Tsohuwa ce mai kaifin harshe, mai raina hafsoshi. Ɗinkin labule fakewa ce kawai, ba labule take ɗinkawa ba. A kula, tana da haɗari ko ba makami."

Wani a baya ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari.

"Wa ya rubuta?" in ji Janar.

Manhajarmu ba ta ɓoye marubuci. Na gangara ƙasa, ga suna da lambar mijin yayata ɓaro-ɓaro, kowane harafi ya kai tafin hannu.

"Gwaji ne, Yallaɓai," in ji Kyaftin, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. "Na wasa ne. An goge su ma, allo ya nuna. Saje, ba an gama ba?"

Saje ya ƙame. "Ni mannawa aka ce in yi, Yallaɓai."

"Irin wannan guda nawa ne?" in ji Janar.

"Arba'in, Yallaɓai," na ce.

Hafsan samame ya ce a hankali, "Yallaɓai, akwai motoci biyu a hanya yanzu, ɗaya wurin wani mai aski, ɗaya makarantar firamare." Kanar ya fita da gudu neman waya, ya taka sandar labule, saura kaɗan ya sha ƙasa.

Ko a nan Kyaftin bai yi shiru ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Yallaɓai, a Ajayil kuskure darasi ne. Kuma ka lura da saurin da manhajar ta yi. A ba ni sati biyu..."

"Manhajar ta yi aikinta," in ji Janar. "Waɗanda suka rubuta ta su ci gaba. Kai kuma ka je gida ka yi ta koyon darasin." Ya cire hula ya durƙusa kaɗan a gaban Umma ya ba ta haƙuri, ya ce a kai ta gida a motarsa. Umma ta ɗaga kai ta dubi tagogin zauren ta ce, "Wanda ya ɗinka muku labulen nan ma ya cuce ku." Ta fita tana ɗingisa ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ban ji tausayinsa ba ko na sakan ɗaya. Yaya ce ta karya mini zuciya. Ƙarshen wata aka karɓi makullin gidan bariki, ta naɗe kayan ɗakinta na shekara goma sha biyar tana hawaye ba sauti. Ba inda za su sai gidan Umma.

Motar kaya ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Maƙwabtan da suka ga samame duk sun fito, wasu har da kujera. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, ta rungume 'yarta, ta shafa kan jikokinta ɗaya bayan ɗaya ta tura su ciki. Saura shi, a tsaye da katifa a ka, cikin rigar gida.

"Ina kwana, Umma."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ba ka tsoron gidan 'yan fasa-ƙwauri?"

Ya sunkuyar da kai, katifar ta zame ya tare.

"Ɗakunan ciki na 'yata ne da jikokina," in ji ta. "Kai ga naka can."

Ɗakin kaya ta nuna masa, wanda ke kallon titi, wanda sojoji suka ɓalle wa ƙofa. An gyara ta gida, wannan kuwa Umma ta hana a taɓa. Ya shiga ya shimfiɗa katifa tsakanin sandunan labule, ya juyo ya ga unguwa guda tana kallonsa ta inda ƙofa take a da. Ya fito ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Umma, ko ɗan labule ne a taimaka mini in rataya."

Umma ta sauke gilashi ta dube shi sama da ƙasa.

"Labule? Kai da hannunka ka rubuta wa gwamnati ba labule nake ɗinkawa ba. To a ina zan samo maka?"

Ta shige ciki ta hau kekenta. Shi kuma ya koma ya zauna a bakin katifa, maƙwabta suka gyara kujerunsu.